Babanmu yana zubewa a gadon asibiti: a ƙara masa abinci ne ko a bar shi ya huta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan shekara 64 ne, kuma yau kwanansa tara a sashen kulawa ta musamman, bayan ciwon huhu ya tsananta masa har ƙwayoyin cutar suka shiga jini. Yana kan na'urar taimakon numfashi, kuma ta robar hanci ake ba shi abinci, wani farin ruwa da ke sauka a hankali daga leda. Kakkauran mutum ne mai jiki, amma jiya da aka yaye mayafin da aka lulluɓe shi na ga cinyoyinsa sun zube, ko da yake hannayensa da sawunsa a kumbure suke. Ni a ganina yunwa ce take cin sa. Na so in haɗo masa abinci mai kyau daga gida, har da garin furotin irin na masu motsa jiki, a zuba masa ta robar, sai nas ta hana. Ga kuma likitan fisiyo yana zuwa yana lanƙwasa masa ƙafafu, har sun ce gobe za su zaunar da shi a bakin gado, yayyena maza kuwa sun ce ba su yarda ba, a bar shi ya huta. Me ya kamata mu yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, tsokar cinyoyinsa tana raguwa, kuma abu ne da ya cancanci hankalinki ya tashi a kansa. Sai dai fassarar da kika yi wa abin ba daidai ba ce, haka ma ta yayyenki. Ke kina neman a ƙara abinci, su suna neman a rage motsi, alhali a halin da Baba yake ciki kowane ɗaya daga cikin biyun yana iya ƙara masa rauni maimakon ya rage.

Zubewar tsoka a irin wannan rashin lafiya tana da saurin da mutane ba sa zato. A wani bincike da aka yi a Landan, wanda mujallar JAMA ta buga a 2013, an riƙa auna kaurin tsokar gaban cinya da na'urar sikanin ga marasa lafiya 63 da ke kan na'urar numfashi, sai aka tarar zuwa rana ta goma ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100, kuma waɗanda sassan jikinsu fiye da ɗaya suka gaza, kamar huhu da ƙoda a lokaci guda, su ne suka fi zubewa. Idan aka haɗa binciken da aka yi a wurare daban-daban, abin yakan kai wajen kashi 2 cikin 100 a kowace rana a makon farko. Saboda haka abin da kika gani a rana ta takwas bai saɓa wa abin da aka saba gani ba, kuma shi kaɗai ba hujja ba ce cewa an yi sakaci da Baba.

Dalilin kuwa shi ne jiki da kansa yake rushe tsokarsa da gangan. Lokacin da ƙwayoyin cuta suka shiga jini, jiki yakan saki sinadaran faɗa da cuta da na tashin hankali, irin su kotizol da adirenalin, su kuma sai su umarci tsoka ta warware furotin ɗin da ke cikinta ta zuba a jini, domin hanta ta ƙera sukari da sinadaran garkuwa da abin gyaran raunuka. Mai yunwa ta gaske jikinsa tattali yake yi, yana ƙona kitse yana ajiye tsoka gwargwadon iko, kuma da zarar ya ci abinci rushewar ta tsaya. Mai ciwo mai tsanani ba haka yake ba, domin ko an cika masa ciki umarnin rushewar ba ya janyewa sai cutar ta lafa. A birnin Adelaide na Ostareliya an gwada wannan kai tsaye a 2022: an ba wa marasa lafiya da masu lafiya giram 20 na furotin ta roba, aka bi sawunsa a cikin jiki, sai aka ga hanjin marasa lafiyar ya narkar da shi ya tsotse shi kusan yadda ya kamata, amma abin da ya shiga ginin tsoka ya gaza na masu lafiya da wajen kashi 60 cikin 100. Tamkar a yi ta jibge bulo ne a bakin gini alhali maginan ba su fito aiki ba. Bangon ba zai tashi ba, kuma bulon da ya taru sai ya tare hanya.

Tare hanyar nan ba magana ce ta baka ba, an gan ta a manyan gwaje-gwaje, kuma a nan nake so ki tsaya ki karanta da kyau, domin shi ne abin da ya fi saɓa wa tunanin mai jinya. Likitoci da kansu sun daɗe suna da irin ra'ayinki, cewa tun da tsoka na zubewa, to, a gaggauta cike gurbin. A 2011 wani gwaji da masu bincike na Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka jagoranta a kan marasa lafiya 4,640 ya kwatanta waɗanda aka ƙara wa abinci ta jijiya tun daga kwanakin farko da waɗanda aka jinkirta musu har rana ta takwas, sai waɗanda aka jinkirta wa suka fi ƙarancin kamuwa da sababbin cututtuka, suka kuma riga fita daga sashen. A 2023 mujallar Lancet ta buga gwajin EFFORT, wanda ya haɗa mutum 1,301 daga ƙasashe 16: an rubuta wa wani rukuni furotin giram 2.2 ko fiye a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, ɗaya rukunin kuma giram 1.2 ko ƙasa da haka. Masu yawan furotin ba su riga kowa warkewa ba, kuma waɗanda ƙodarsu ta riga ta taɓu daga cikinsu abin ya fi yi musu muni. Shekara guda bayan haka gwajin PRECISe na Holan da Beljiyam, mai mutum 935, ya kwatanta giram 2.0 da giram 1.3, aka bi marasa lafiyar har wata shida, sai ya zama waɗanda aka ba mai yawan ne ingancin rayuwarsu ya fi ƙasa. Furotin ɗin da tsoka ta kasa amfani da shi ba ɓacewa yake yi ba, hanta ce take mai da shi sinadarin yuriya, ƙoda kuma ta ɗauki nauyin fitar da shi, ga ta dama a wahale. Yawan kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, shi ma haka, yana tayar da sukarin jini, yana tara kitse a hanta, yana ƙara iskar da huhu zai fitar.

Wannan ba ya nufin a bar marar lafiya babu abinci. Abin da ƙungiyoyin masana ciyar da marasa lafiya na Turai da Amurka suka tsaya a kai shi ne a fara ciyarwa ta ciki da wuri, cikin awa 24 zuwa 48 idan hawan jini ya daidaita, domin hanjin da ba ya aiki bangonsa yakan yi rauni, amma a fara da kaɗan. Jagorar Turai ta ce a kwana ukun farko kada a wuce kashi 70 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa, daga nan a riƙa ƙarawa har a kai kashi 80 zuwa 100, furotin kuma a hau da shi sannu a hankali zuwa giram 1.3 a kan kowane kilo a rana. Ga mutum mai kilo 70, wannan giram 91 ke nan, kwatankwacin abin da ke cikin ƙwai goma sha biyar. Farin ruwan da kike rainawa an haɗa shi ne da ƙididdiga, galibi kowane mililita ɗaya yana ɗauke da kalori ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tare da furotin da kitse da bitamin da ma'adinai. Idan na'urar tana nuna mililita 60 a awa, to, a yini da kwana ya kusa lita ɗaya da rabi, kuma wannan cikakken abincin babban mutum ne da ke kwance.

Akwai wani haɗarin da ya sa ake bi a hankali, musamman ga wanda ya yi kwanaki ba ya cin abinci kafin a kawo shi asibiti. Idan aka kwararo wa irin wannan jiki abinci farat ɗaya, insulin yakan tashi ya kwashe sinadaran fosfet da potasiyam da magneziyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki, sai su yi ƙasa ƙwarai a jini, abin da ke iya rikita bugun zuciya ya kuma raunana tsokar numfashi. Shi ya sa ake yawan ɗibar jini a kwanakin farko, ake ba da bitamin B1, kuma idan fosfet ya faɗi ake rage abincin na 'yan kwanaki. Idan Baba ya daɗe ba ya ci kafin kwanciyarsa, ko ya fara ramewa tun a gida, ki tabbatar likitoci sun sani, domin wannan labari a bakinku yake.

To, amma fa zarginki yana da gefen gaskiya, kuma ba zan rufe miki shi ba. Yau kwana tara ne, ba kwana biyu ba. Idan hawan jininsa ya daidaita kuma cikinsa yana karɓa, ya kamata a ce yanzu yana samun abin da aka ƙiyasta masa ko kusa da shi. Matsalar da aka sani a sassan kulawa ta musamman a ko'ina ita ce abin da aka rubuta a takarda daban, abin da ya shiga ciki daban, domin ana tsayar da abincin idan za a kai mutum hoto, ko za a yi masa wani aiki, ko ya yi amai, ko robar ta toshe ko ta fita, wani lokaci kuma a makara wajen mayarwa. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna abin da ke shiga sau da yawa bai kai kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ba. Saboda haka maimakon gardama da nas a kan abincin gida, ki nemi ganin likitan da ke kula da shi ko jami'in tsara abinci, ki tambaye su cikin ladabi: kalori nawa da furotin nawa aka ƙiyasta wa Baba a rana, nawa ya samu a zahiri jiya da shekaranjiya, awa nawa aka tsayar da abincin kuma me ya sa, sannan yaya ƙodarsa take. Idan amsar ta nuna yana samun rabi ne kawai kwana da kwanaki, to, kina da haƙƙin tambayar me ake shirin yi, domin akwai magungunan da ke taimaka wa ciki ya tura abinci gaba, ana iya zura robar ta wuce tumbi zuwa ƙaramin hanji, kuma bayan mako guda ana iya cike giɓin ta jijiya.

Nas ɗin da ta hana ki ta yi daidai. Abincin da aka niƙa a gida yana toshe siririyar roba, ba a san adadin abin da ke cikinsa ba, kuma yana iya shigo da ƙwayoyin cuta cikin jikin da garkuwarsa ta riga ta raunana. Garin furotin na masu motsa jiki kuwa an yi shi ne domin mai lafiya da ƙodarsa ke aiki, kuma wasu ana cakuɗa su da abubuwan da ba su dace da marar lafiya ba. Ko abin da ake ganin ba shi da illa yana iya ba da mamaki: sinadarin gulutamin, wanda aka daɗe ana kyautata masa zato, da aka gwada shi da yawa a 2013 ga waɗanda sassan jikinsu suka gaza, mace-mace ƙaruwa suka yi. Kada kuma kowa ya ɗiga masa ruwa ko wani abu a baki saboda tausayi, ko da leɓɓansa sun bushe; ki roƙi nas ta nuna miki yadda ake jiƙa masa baki ba tare da ya haɗiya ba. Kumburin hannu da sawu da kika ambata kuwa ruwa ne, daga ƙarin ruwan da aka yi masa da kuma yoyon ƙananan jijiyoyin jini, kuma idan ya saɓe za ki ga ramar ta fi yadda kike gani yanzu. Ina gaya miki ne tun da wuri don kada ki ɗauka sabon ciwo ne.

Yanzu ga maganar yayyenki. Na fahimci abin da suke ji, domin ganin ana ɗaga mahaifi mai roba a maƙogwaro abu ne mai tayar da hankali, amma hutun da suke nema masa shi ne rabin abin da ke cin tsokar. An taɓa kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara wajen 67, na kwana goma a gado a Amurka, ana ba su abinci isasshe, sai suka rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafunsu kawai. Babu ciwo, babu yunwa, kwanciya ce zalla. Hatta tsokar numfashi, wadda ta raba ƙirji da ciki, ba ta tsira ba: wani bincike na 2008 ya nuna idan na'ura ta karɓe mata aiki gaba ɗaya na tsawon awa 18 zuwa 69, kaurin zarenta yakan ragu da fiye da rabi. Wannan ne ya sa likitoci suke rage maganin barci kullum don mutum ya farka, suke kuma barinsa ya ja numfashi da kansa na wani lokaci. Idan kun ga Baba ya buɗe ido yana motsi yana yamutsa fuska, kada ku yi saurin roƙon a ƙara masa maganin barci. Ku ce a duba ko zafi yake ji a magance masa, domin barci mai nauyi na kwanaki yana tsawaita zama a kan na'ura, yana kuma jawo ruɗewar hankali.

A 2009 likitoci a Chicago da Iowa na Amurka suka raba marasa lafiya 104 da ke kan na'urar numfashi gida biyu. Rukuni ɗaya an fara motsa su tun kwana ɗaya da rabi bayan sa musu roba, ɗayan kuma sai bayan mako guda. Ranar sallama daga asibiti, kashi 59 cikin 100 na rukunin farko suna iya tafiya da yi wa kansu wanka da sa tufafi ba tare da taimako ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 35 ne, kuma kwanakin ruɗewar hankali sun ragu daga huɗu zuwa biyu. Sai dai a nan ma wuce gona da iri bai biya ba. Gwajin TEAM na 2022, mai mutum 750 a asibitoci 49, ya kwatanta motsa jiki mai ƙarfi na wajen minti 21 a rana da wanda aka saba yi na wajen minti 9, sai ba a ga bambanci ba a yawan kwanakin da mutane suka yi a raye a wajen asibiti cikin wata shida, amma matsaloli irin su rikicewar bugun zuciya da faɗuwar iskar oksijin sun kai kashi 9 cikin 100 a rukunin farko, a na biyu kuma kashi 4. Ku lura cewa duka rukunonin biyu ana motsa su; ba a kwatanta motsi da kwanciya ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne motsi kaɗan-kaɗan a kowace rana, gwargwadon abin da jiki zai ɗauka a ranar, ya fi kwanciya nesa ba kusa ba, kuma ba a bukatar a matsa wa marar lafiya har ya galabaita.

Ki bayyana wa yayyenki yadda zaman na gobe zai kasance, domin tsoron abin da ba a sani ba ne ya fi yawa a ransu. Ba mutum ɗaya ne zai ɗaga shi ba. Yawanci mutum uku ne ko huɗu: ɗaya ba shi da aiki sai riƙe robar numfashi, ɗaya yana kula da layukan jijiya da allon da ke nuna bugun zuciya da oksijin, likitan fisiyo kuma ya juya shi gefe, ya sauko da ƙafafunsa, ya tallafo kafaɗarsa har ya zauna. Da farko kansa zai riƙa rinjaya gaba, gangar jikinsa tana karkata, kuma wataƙila minti biyu ko uku kawai zai yi a mayar da shi. A cikin waɗannan mintocin tsokokin wuya da baya da ciki sun yi aikin da ba su yi ba tun ranar da ya kwanta, ƙasan huhunsa ya buɗe, majina ta motsa. Kafin su fara sai sun duba ko ana ƙara masa maganin ɗaga hawan jini, ko bukatarsa ta oksijin ta hau, ko bugun zuciyarsa ya rikice, kuma idan ɗaya daga ciki ya faru za su ɗaga zuwa wata rana. Ku roƙi a bar babban yayanku ya tsaya ya gani da idonsa, ya kuma tambayi likitan alamomin da za su sa a dakata.

Hannunku ma yana da aiki tun yanzu, da izinin ma'aikata. Likitan fisiyo zai iya koya muku lanƙwasa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu da idon sawu a hankali, domin gaɓar da ta daɗe ba ta motsa ba takan ƙage, kuma tafin ƙafar da aka bari yana saɓule ƙasa yakan sandare a haka har ya hana mutum taka ƙasa daidai daga baya. Idan Baba yana farke, ya fi kyau shi ya yi da kansa ko da rabi ne: ki ce ya damƙe hannunki, ya ɗaga diddige, ya tura tafin ƙafarsa a kan tafin hannunki. Lanƙwasawar da wani ya yi masa tana kare gaɓa ne, amma tsoka ba ta ƙarfafa sai ita ta ja da kanta. Kada ku yi masa tausa mai ƙarfi a sharaɓa, saboda mai doguwar kwanciya jini yana iya daskare masa a jijiyar wurin. Ku kawo masa tabaransa idan yana sawa, ku riƙa gaya masa ranar da ake ciki da inda yake, domin wanda hankalinsa ke tare da shi ne yake iya bin umarnin motsa jiki.

Babban aikinku, a ganina, yana gaba, ranar da aka cire robar numfashi aka mayar da shi ɗakin marasa lafiya na gama-gari. A lokacin ne faɗan da jiki ke yi da cutar yake lafawa tsoka ta fara karɓar abinci da gaske, kuma abin takaici a lokacin ne cin abincin yake faɗuwa, domin an cire robar hanci, ma'aikata sun ragu, kowa ya saki jiki an ce ya samu sauƙi. Waɗanda suka koma ci da baki kaɗai a wannan mataki sau da yawa wajen rabin bukatarsu kawai suke samu. Baki ba ya jin ɗanɗano, ciki yana cika da loma kaɗan, hannu ba ya iya kai cokali baki, taunawa ma gajiya ce. Saboda haka kada ku matsa a cire robar hanci don kawai ba ta da kyan gani. A bar ta har sai ya nuna yana cin akasarin abin da yake bukata, ana iya ma ba shi ta roba da dare ya ci da baki da rana.

Kafin loma ta farko sai an gwada haɗiyarsa, domin robar da ta kwana da kwanaki a maƙogwaro tana raunana tsokokin haɗiya. Za a zaunar da shi a miƙe a ba shi ruwa cokali guda, a saurara. Idan ya yi tari, ko muryarsa ta fito kamar mai kurkure maƙogwaro, ko numfashinsa ya canza, to, abin yana bi ta hanyar iska, kuma ci gaba da ba shi zai iya mayar da shi ciwon huhun da ya fito daga ciki. Wasu ma abin yana shiga huhunsu ba tare da sun ƙware ba, shi ya sa hukuncin na ma'aikata ne. Idan an ba da izini, nan ne abincinki na gida zai yi rana. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon babban kwano sau uku, kowane ci da abin gina jiki a ciki, ƙwai ko madara ko kifi ko nama mai laushi ko wake, kuma a fara da shi kafin ciki ya cika da sauran. Ga dattijo, giram 25 zuwa 30 na furotin a kowane babban ci shi ne abin da ke tayar da ginin tsoka sosai, kuma ya fi amfani idan ya biyo bayan motsa jiki. Romo zalla ruwa ne da ɗanɗano, amfanin yana cikin tsokar naman. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da ya ci a zahiri, rabin kwano ko kwata, ki nuna wa jami'in tsara abinci. Idan ƙodarsa ba ta gama farfaɗowa ba, ko yana da ciwon sukari, to, su za su yanke adadin, kada ki bi lissafin da na kawo.

Motsin ma a lokacin zai koma hannunku. Ya ci abinci a kan kujera ba a kwance ba, ya riƙa tashi tsaye daga zaune yana komawa sau da yawa a yini, ya taka zuwa ƙofa, gobe ya wuce ta. Tashi daga kujera shi ne atisayen da ya fi dacewa da tsokar cinyar da kika ga ta zube. Ku daure wa zuciyarku ku bar shi ya yi wa kansa abin da zai iya, ko da zai ɗauki minti goma yana sa maɓallin riga, domin jinyar da ake yi wa mutum komai tana tsawaita rauninsa. Tafiya kaɗai ba ta isa ba. Bayan sallama yana bukatar atisayen ja da turawa da ɗaga abu mai ɗan nauyi, ana ƙarawa a hankali, kwana biyu ko uku a mako bisa tsarin likitan fisiyo. Sikeli kuma kada ya ruɗe ku, domin nauyin da ke fara dawowa bayan irin wannan ciwo kitse ne ya fi yawa a cikinsa. Ƙarfin damƙarsa, da saurin tashinsa daga kujera, da nisan da yake iya takawa su ne ma'auni.

Ku shirya wa tafiya mai tsawo. A Toronto ta Kanada an bi mutum 109 da suka tsira daga matsanancin ciwon huhu, aka tarar sun bar sashen kulawa ta musamman da asarar kashi 18 cikin 100 na nauyinsu, kuma ko bayan shekara biyar nisan da suke iya takawa cikin minti shida ya tsaya a kashi 76 cikin 100 na abin da ake sa rai ga sa'o'insu, alhali huhun nasu ya warke ko ya kusa. Yawancin ci gaban a watannin farko zuwa shekara guda ake samunsa, don haka a nan ya kamata ku zuba ƙoƙarinku. Idan bayan an koma gida kuka ga nauyinsa yana ci gaba da raguwa, ko yana tari duk lokacin da ya ci ko ya sha, ko yana yawan faɗuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ya daina sha'awar abinci da magana da mutane na makonni, ku mayar da shi wurin likita ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba.